Wa Ya Sallami Wa?

Tsafe,
ƙarshen Satumba, 2021.

Zuwa ga ƙawata Barista Hanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya maigidan da yara? Mu ma muna nan lafiya, in aka cire wannan zaman kurame da aka jefa mu a ciki tun da aka ɗauke sabis a jihar nan. Rabona da rubuta wasiƙa tun muna makarantar kwana, to ga shi dole ta sa. Malam Bawa direba, mai lodin Gusau da Funtuwa, shi zai miƙa miki ita a ofis.

Na dawo gida wurin Inna, kuma ba hutu na zo ba. Kin san ina aiki a situdiyon Ashiru Ɗan Karakkai da ke Sabon Garin Gusau, mawaƙin nan da ba a gama biki a Zamfara sai an ji muryarsa. Ni ce mai tace sauti. Shi ya rera, ni in zauna a kwamfuta in cire tari da shaƙewa, in daidaita murya da kiɗa. Muryar nan da 'yan mata ke cewa kamar zuma, ni na san kamanninta kafin in wanke ta. Yayana Lawali ne ya samo mini aikin, domin tare suka yi kiwon awaki da Ashiru a Karakkai.

Da baki Ashiru ya fara. "Fiddausi, wannan hijabin naki yana ɓoye mana alheri." Na yi kamar ban ji ba. Sai ya koma tsayawa a bayana in ina aiki, ya ɗora hannunsa a kan nawa wai zai nuna mini inda zan yanke, shi da ko kunna kwamfutar bai iya ba. A watan Agusta ya kira ni ɗakin ɗaukar murya, wanda aka lulluɓe bangonsa da soso don kada sauti ya fita, ya murɗa makulli. Ya ce in ina son zama a gidan nan na san abin da zan yi. Ya riƙo ni, na ture shi da ƙarfen makirfo, na buɗe ƙofa na fita. Iyakar abin da ya faru ke nan, amma wallahi har yau kunya nake ji, ni da ban yi laifin komai ba.

Washegari na aika wa manajanmu Attahiru saƙon murya, na faɗa masa komai. Ya amsa da cewa za a duba. Dubawar ita ce aka karɓe makullina, aka ɗora wani a kan kwamfutata, aka mai da ni mai dafa wa baƙi shayi. Albashin watan ma bai shigo ba. Na ci gaba da zuwa don kada a ce ni na gudu. Ana cikin haka aka ɗauke sabis. Ran nan da hantsi sai ga Yaya Lawali a bakin ƙofa kamar an jefo shi, na ce Allah ne ya kawo mini ɗan'uwana. A gabansa Attahiru ya ce, "Oga ya ce ta je gida ta huta, in muna buƙatarta za mu neme ta."

Na ɗauki jakata zan wuce, Yaya ya ce a'a, ɗiyar mutunci ba ta barin gidan mutane ba sallama. Ya sa na bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ina cewa a yafe ni. Ya kai ni gidan Hajiya Yelwa, mahaifiyar Ashiru, na durƙusa na ce na zo sallama. Tsohuwa ba ta san hawa ba balle sauka, ta sa mini albarka, ta ba ni turmin atamfa. Attahiru da ya biyo mu har hoto ya ɗauke mu.

Hanatu, ke kika karanci doka. Akwai abin da ta tanada wa irina? Inna ta ce in bar wa Allah, wai wanda manya ke rawa da waƙarsa ba a ja da shi. Na bar wa Allah, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ba kuɗinsa nake so ba. So nake a faɗa a fili cewa kora ta aka yi don na yi magana.

Ki gai da mutan gida.

Taki,
Fiddausi.

*

Gusau,
farkon Oktoba, 2021.

Fiddausi ƙawata,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kuma na ga har yanzu rubutunki kamar kaza ta yi tono a kan takarda. Na yi dariya a layin farko, kafin in kai ƙarshe kuwa na tashi na rufe ƙofar ofis. Sannu, Allah ya saka miki. Ki ajiye kunyar nan, ba kayanki ba ce.

Yanzu bari in sa rigar lauya. Laifi biyu aka yi miki, kuma doka ta raba su. Na farko shi ne cin zarafi a wurin aiki. Kada ki ce ai bai kai ga mummunan abu ba. Maganar batsa, taɓa jiki ba da yarda ba, da rataya wa mace aikinta a kan sai ta ba da kai, duk suna ciki. Na biyu shi ne ramuwar gayya, wato a hukunta ma'aikaci don ya kai kuka. Wannan na biyun laifi ne mai zaman kansa, kuma sau da yawa ya fi sauƙin nunawa. Abin da ya faru a ɗakin soso, ke da shi da Allah kaɗai kuka sani. Karɓe makulli da dafa shayi kuwa a idon kowa aka yi.

Akwai kotu ta musamman don rikicin ma'aikaci da ubangidansa, Kotun Ma'aikata, kuma mu a nan Sakkwato za mu nufa. Ba a tambayar mutum yawan mabiyansa a bakin ƙofarta. Ba kamar shari'ar kisa ba ce da sai an kawar da duk wani kokwanto, a nan mai shari'a yana auna wane labari ne ya fi rinjaye. Rashin takardar ɗaukar aiki ma ba zai hana ba, saƙonnin banki na albashinki sun isa su nuna ke ma'aikaciyarsa ce. Saƙon muryar da kika aika wa Attahiru da amsarsa, ki riƙe su kamar ranki, kada ki ba kowa aron wayar nan.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro, sallamar nan. Kin san halin kalmar a bakinmu. In ubangida ya kori yaronsa, ya sallame shi. In baƙo zai tafi don kansa, ya yi sallama. In an ba shi ɗan abin hannu, nan ma an sallame shi. Lauyoyinsa za su ɗaga hoton nan su ce ita ta zo da ƙafarta, ta nemi gafara, ta karɓi atamfa tana murmushi. Shari'ar duka za ta tsaya a kan tambaya ɗaya, wa ya sallami wa? Doka ta san cewa in aka ƙuntata wa mutum har zama ya gagare shi, tafiyarsa kora ce ko da bakinsa ya ce sai an jima. Amma in muna da wanda ya ji Attahiru ya ce ki je gida, an gama magana. Allah ya taimake ki, wanda ya ji ɗin ciki ɗaya kuka fito.

Ki rubuta wa Yaya Lawali. Sannan in sabis ya dawo muku, kada ki kuskura ki hau waya ki ce za ki tona asiri. Jira suke ki yi, su juya su kai ki ƙarar ɓata suna. Zan faɗa miki gaskiya, tafiyar tana da tsawo, kuma za a zage ki. In kin shirya, ni ma na shirya.

Ki gai da Inna, ki ce ɗiyarta mai surutu tana nan tafe cin tuwo.

Hanatu.

*

Tsafe,
Oktoba, 2021.

Zuwa ga Yaya Lawali,

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Hasana da yara. Ya aikin gona? Allah ya sa a girbe lafiya, ya tsare ku da sharrin mutanen daji. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Yaya, na yanke shawarar kai Ashiru ƙara. Ranar da ka rako ni mota na faɗa maka abin da ya yi mini, na ga yadda idonka ya kaɗa, ka ce in Baba na da rai da ba a yi haka ba. To Baba ba ya nan, kai ne a madadinsa. Ba na roƙon ka yi faɗa da abokinka, ba na kuma roƙon ka faɗi abin da ba ka gani ba. Lauyata ta ce abu ɗaya ake so, ka tsaya gaban mai shari'a ka maimaita abin da Attahiru ya ce a gabanka, cewa Oga ya ce in je gida in huta.

Na san nauyi ne, gari ɗaya kuke. Amma ba ni da wani wa sai kai.

Ƙanwarka,
Fiddausi.

*

Karakkai, Bunguɗu,
Nuwamba, 2021.

Zuwa ga ƙanwata Fiddausi,

Amin wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni a Bunguɗu wurin mai shagon taki, ta daɗe a hanya. Muna nan lafiya lau. Gero mun samu na rufin asiri, dawa ce munka bar rabi a gonar nesa, don ba mai iya zuwa can yanzu. Hasana tana gaishe ki.

Maganar da kika kawo babba ce, na kwana biyu ina juya ta. Fiddausi, ni ban ce ƙarya kike ba, na san irin tarbiyyar da anka yi muna. Amma ki duba mini. Famfon da garin nan ke sha, Ashiru ya gina shi. Rufin masallacin Juma'a shi ne. In an ɗauke mutum, shi ake fara tunkara ya sa baki ko ya sa hannu. Yaron da ya fito daga cikinmu ya yi suna har ana kiran Karakkai a rediyo, in anka ce ɗiyar gidanmu ce ta kai shi kotu, da wane ido zan shiga majalisa? Kotun ma wace iri ce wagga da za a tara maza a tambaye ki ina ya taɓa? In da ta tawa ce, da kin yi haƙuri. Mai haƙuri shi ka dafa dutse.

Amma tunda kin kafe, kin san ni. Abin da kunnena ya ji, ko gaban wa zan faɗe shi, ba ni tsoron kowa sai Allah. In lokaci ya yi ki aiko, ko a ƙasa zan taka in zo. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki ce ma Inna in an kakkaɓe wake zan aiko mata da nata.

Wanki,
Lawali.

*

Tsafe,
Afrilu, 2022.

Hanatu,

Salamu alaikum. Ya azumi, ya ibada? Kada ki gaji da takarduna. Wayar tana nan a ƙasan akwati, a kashe. Tun da labarin ƙarar ya fita na daina kunna ta. Kin ce za a zage ni, amma ba ki ce har da matan da muka ci kwano ɗaya ba. An ce ni na bi shi ya ƙi ni, an ce 'yan adawarsa ne suka saye ni. Wata ma ta sa hotona da atamfar nan, ta rubuta wai ga mai cin tuwo ta fasa kwano. Atamfar tana nan a ledarta, ko warware ta ban yi ba.

Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Shekaranjiya ina dawowa daga Gusau a motar Malam Bawa, mun wuce Kwatarkwashi, sai ya saka sabuwar waƙar Ashiru. Bai yi don cin fuska ba, ya manta ina ciki ne. Mota duka ana gyaɗa kai, ni kuwa ina jin yadda wanda ya gaje ni ya bar kiɗa ya danne amshi. Can a tsakiya, inda ake jero sunayen manya, bayan wani ɗan majalisa da wani mai gidajen mai, sai na ji:

"Lawali na Karakkai, mai rumbu cike da dammai,
Amana ba ta kwana a waje in kana gida."

Hanatu, na yi shekaru a ɗakin nan, na san yadda suna ke shiga waƙa. Hanya biyu ce rak. Ko ka biya, ko kuma Oga yana so ya biya ka. Yaya Lawali ko akuyar layya sai ya yi shawara da rumbu kafin ya saya, da me zai sayi baiti kusa da ɗan majalisa? Kuma baitin ba tare da sauran aka rera shi ba, cusa shi aka yi daga baya. Muryar ta fi ta gabanta kauri, numfashin bai hau ba. Ni na koya musu yin wannan ɗinkin, ko a barci aka saka mini zan gane shi.

Na ce wa kaina wataƙila kara ce kawai ta abokin ƙuruciya. Amma ya yi shekara da shekaru yana waƙa, bai taɓa tuna da wanda suka yi kiwo tare ba sai bana. Ruwa ba ya tsami banza. Na aika wa Yaya sau biyu ya zo ofishinki a rubuta bayaninsa, yau ya ce hanya ba kyau, gobe ya ce Hasana ba lafiya.

Ban faɗa wa Inna ba. Ita da ta ji waƙar a rediyon maƙwabta har guɗa ta yi, wai ɗanta ya shiga sahun manya. Ki faɗa mini ko zargi ne ke neman haukata ni.

Fiddausi.

*

Gusau,
Mayu, 2022.

Fiddausi,

Wa'alaikumus salam, barka da shan ruwa. Na so in zo da kaina, amma gara ki karanta wannan ke kaɗai, ba idon kowa a kanki.

Kunnenki bai yi ƙarya ba. Lauyoyin Ashiru sun shigar da amsarsu. A wannan kotun kowane ɓangare yana kawo bayanin shaidunsa a rubuce, da rantsuwa, tun kafin a zauna. Shaidunsu biyu ne, Attahiru da Yaya Lawali. Ga abin da ya sa wa hannu: "Ni da kaina na raka ƙanwata ta yi sallama da ma'aikata da mahaifiyar ubangidanta. An rabu lafiya, har an yi mata kyauta. Ban ji wani ya kore ta ba."

Ki yi kuka in za ki yi, amma ba a gama ba. Takarda ba ta amsa tambaya, shi kuwa dole ya tsaya a gabana ya amsa.

Sun kuma aiko da tayin sulhu. Za su biya ki albashinki da ƙari mai kauri, ke kuma ki janye ƙara, ki sa hannu cewa rashin fahimta ce, kuma ba za ki sake tayar da maganar ba har abada. Sulhu ba laifi ba ne a doka, mutane da yawa suna karɓa, kuma ba zan ga laifinki ba. Sai dai ki san abin da suke saye, bakinki ne. Zaɓi naki ne, aikina in faɗa miki.

Akwai abin da ya hana ni sukuni tun da na sake karanta labarinki. Ranar da aka ce ki je gida, babu sabis a Gusau, babu a Bunguɗu, kasuwannin mako a rufe, hanya kuma kowa na tsoronta. Me ya kawo Yaya Lawali daga Karakkai zuwa ƙofar situdiyo daidai wannan hantsin? Ke kika aika masa?

Hanatu.

*

Tsafe,
Mayu, 2022.

Hanatu,

Ban aika masa ba. Bai ma san ana ƙuntata mini ba, domin ban faɗa wa kowa a gida ba sai bayan an kore ni. Na zauna da takardarki a hannu har Inna ta tambaye ni wa ya rasu.

Ashe ranar da na ce Allah ne ya kawo mini ɗan'uwana, aiko shi aka yi. Shi ya riƙe mini jaka ina durƙusawa.

Ki ce musu ba na sulhu.

Fiddausi.

*

Gusau,
Yuni, 2023.

Ƙawata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Kin yi daidai da kika zauna da ita, ranar yanke hukunci ba dole sai mai ƙara tana wurin ba. Jiya na dawo daga Sakkwato, ga yadda ta kaya.

A kan ramuwar gayya, kin yi nasara. Mai shari'a ya bi abin daki-daki: kin kai kuka, Attahiru ya amsa da muryarsa cewa za a duba, sannan makulli ya tafi, kwamfuta ta tafi, albashi ya tsaya. Ya ce ba su kawo wani dalili ba in ba kukan naki ba. Ya daɗe a kan tambayar nan da na yi wa Yaya Lawali a zaman bara. Kin tuna yadda Yaya ya yi ta kallon fanka, sannan ya ce direban Ashiru ne ya je har Karakkai ya ɗauko shi tun da asuba, aka ce ya zo ya sa ƙanwarsa ta rabu da mutane lafiya. Mai shari'a ya ce wanda ya aika mota a ɗauko mai rakiya tun kafin ma'aikaciya ta san za ta tafi, shi ya shirya tafiyar. Ya ce sallamar ladabi ba ajiye aiki ba ce. An rubuta a hukunci cewa korar ki aka yi don kin yi magana, kuma za su biya albashinki da diyya. Suna da damar ɗaukaka ƙara, amma ban ga alama ba.

A kan abin da ya faru a ɗakin ɗaukar murya kuwa, ya ce hujjar ba ta ishe shi ba. Ki fahimce ni da kyau, bai ce kin yi ƙarya ba. Ya ce maganarki ce da tasa, babu na uku. Da Yaya ya yarda cewa kin faɗa masa a tasha kina kuka, da ya ƙara wa maganarki nauyi, ko da ba a gabansa aka yi ba. Kin ji abin da ya ce da na tambaye shi, wai ƙarar motoci ta hana shi ji.

Mutanen Ashiru tun a harabar kotu suka fara shelar an wanke gwaninsu. Rabin hukuncin suka ɗauka, suka bar rabin da ya ƙone su. Doka ke nan, ƙawata, tana ba ka abin da ka iya nunawa, ba duk abin da ya same ka ba. Na so in kawo miki duka, ban iya ba, kuma abin yana ci mini rai.

Wani mai gidan rediyo mai zaman kansa ya tambaye ni ko kina neman aiki. Ya ce tun da kika bar can, waƙoƙin mutumin suka koma kamar ana daka a ɗaki.

Taki har kullum,
Hanatu.

*

Karakkai, Bunguɗu,
Yuli, 2023.

Zuwa ga ƙanwata Fiddausi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin Inna? Na kira wayarki ban san adadi ba, ba ki ɗauka, shi ya sa na koma ga takarda.

Alhamdu lillahi wagga fitina ta wuce. Ke kin samu haƙƙinki, shi ma bai tozarta ba, gari ya zauna lafiya. In kin duba da idon basira, ai abin da nake nema ke nan tun farko.

Na san kina riƙe da ni. Amma ki yi mini adalci, mi na faɗa wanda ba a yi ba? Kin yi sallama ko ba ki yi ba? An ba ki atamfa ko ba a ba ki ba? Da lauyarki ta matsa mini a kan mota, ai gaskiya na faɗa, kuma ita ce ta ba ki nasara. Sauran kuwa, mutum yana zaune a gari da iyali, ba kowane abu kunne ke riƙewa ba. Waƙa kuma ban roƙe shi ba. Ke ba ki san yadda mutum ke ji ba in ya shekara arba'in ba wanda ya san da zamansa, ran nan ya shiga kasuwar Bunguɗu a tashi a ba shi benci.

To, ga abin farin ciki. Hasana ta sauka ran Talata, an samu mace. Na yi mata huɗuba da sunanki, Fiddausi, don ki san ba ki fita raina ba. Suna ran Talata mai zuwa. Ki taho da Inna in ta iya, ki ɗauki takwararki, mutane su gani cewa gidanmu ba a rabe yake ba. Zumunta a ƙafa take. Abin da ya wuce ki yafe, a rufe shi haka nan.

Wanki,
Lawali.

*

Tsafe,
Yuli, 2023.

Yaya Lawali,

Wa'alaikumus salam. Barka da arziki. Allah ya raya takwara, ya ba Hasana lafiyar shayarwa. Ga turmin atamfa nan a hannun Malam Bawa, sabo ne ba a warware shi ba, ka san inda aka samo shi. A ɗinka wa mai jego.

Roƙona ɗaya ne. In yarinyar nan ta girma ta zo maka da kuka, ka ja ta inda babu ƙarar motoci.

Ba zan zo suna ba. Kai ka koya mini cewa ɗiyar mutunci ba ta barin gidan mutane ba sallama, to wannan ita ce tawa. Ba wanda ya aiko mota, ba wanda ya riƙe mini jaka. Wannan karon in an tambaye ka, ka rantse a ko'ina cewa ni na yi ta da kaina, ba ka yi ƙarya ba.

Na sallame ka, Yaya.

Fiddausi.